Gwankin da Na Hanga

Shekarar da ruwa ya shiga sitonmu na unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou ya jiƙa dilolin jins da muka kwaso daga Xintang, har muka yi ta shanya wanduna a kan igiyoyi kamar masu wanki da guga, ita ce shekarar da aka yaye ki, Hauwa, kuma ita ce shekarar da aka gina katangar da ta raba gidanmu biyu. Kun taso kun tarar da katangar nan. Na san abin da kuke ji a bakin mutane: wai ubanku ya je Sin ya koyi cin shinkafa da tsinke, sai ya juya wa yayansa baya a gaban jama'a. Ba zan ce muku duka ƙarya ba ne. Amma tunda Allah Ya sa na koyi riƙe biro bayan furfura ta fito mini, gara ku ji maganar daga hannuna. Rubutun ba zai yi sauri ba, ku yi haƙuri da shi.

Mu gidan maharba ne. Kakanku bai bar mana gonar kirki ba. Abin da ya bari shi ne bindigar toka guda ɗaya, wadda ta koma hannun Yaya Audu domin shi ne babba, da kuma sanin Dajin Maje, wanda ya raba mana mu biyu. Dajin nan da ke yamma da Kafin Gora ba na kowa ba ne, kuma kowa na da hannu a ciki. Fulani suna kiwo, mata suna itace, masu zuma suna ɗaura amya, mu kuma muna farauta. Abin da ya hana maharba harbin juna tun zamanin kakanni al'ada ce guda ɗaya. In ka ga sabon sawun babbar dabba, sai ka kama ciyawar da ke gefen sawun ka ƙulla ta. Kowane gida da irin ƙullinsa, namu biyu ne a jere. Wanda ya zo bayanka ya ga ƙulli ya san an riga shi, sai ya sake hanya ko da ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Dabba ta wanda ya fara gani ce.

Wata rana ina yaro muka hau dutsen da ke bakin dajin ni da Baba, na tsinkayi barewa can nesa tana kiwo. Na kama ciyawa zan ƙulla, Baba ya buge mini hannu.

"Me za ka yi?"

"Na gani, Baba."

"Ba ka gani ba, hange ka yi. Sai ƙafarka ta taka inda tata ta taka, sai ka kai inda iska za ta iya kai mata warinka ta gudu. Ran nan ka ce ka gani."

Na ji haushi a lokacin. Ban san zan ɗauki maganar in kai ta har Guangzhou ba.

Aikina a nan kun san shi. Ina ɗaure kaya, ina dannawa, ina lodin kwantena a wajen wani Alhaji ɗan Kano mai aika kaya gida. Abin da ba ku sani ba shi ne ɗakin da nake kwana. Tagarsa bangon wani bene take kallo, kusa sosai har in na miƙa hannu sai in taɓa shi. Rana ba ta shigowa. A garin da mutane suka fi tururuwa yawa, sai in wuni in ban da "ɗaga" da "ajiye" babu abin da ya fito daga bakina. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kujerar da ke kusa da ni ita ce takan rage babu kowa. Na saba. Wayata kuwa daga gida ba ta ƙara sai an yi haihuwa ko an yi rasuwa. Ranar Lahadi kaɗai nake jin ni mutum ne, in na je wani gidan abinci a unguwar Xiaobei inda Malam Idi, wani Badamagare mai sayar da kayan waya, yake koya mana, mu manya uku, baƙaƙen boko a teburin baya, bayan an share miya.

Cikin bazarar shekarar nan Yaya Audu ya kira ni.

"Auta, kana ji na?"

"Ina ji, Yaya."

"An ce a wajenku akwai wata kyamara da ake ɗaurewa a jikin bishiya. Ba ta barci, sauro ba ya cizonta. Duk abin da ya gifta sai ta ɗauki hotonsa ta aiko."

"Akwai, Yaya. Nan in ban da uwa da uba babu abin da ba a ƙerawa."

"To samo mini huɗu. Gwiwoyin nan sun fara yi mini gardama."

Na same su a hawa na sama a ɗaya daga dogayen benayen kasuwar Xiaobei, wajen wata mata. Lawban muke ce mata, wato mai shago. Ta nuna mini inda ake sa layin waya da inda ake sa batir. Ta ce hotunan sai an haɗa su da babbar waya. Wayar Yaya kuwa ƙarama ce mai madannai, ta tocila, don haka ta karɓi tawa ta yi ta danne-danne da rubutunsu. Na tambaye ta ko akwai wadda ke jin Hausa, ta yi dariya ta ce meyo, wato babu. Na sa kyamarorin a tsakiyar dilar wani ɗan kasuwa mai tafiya gida. Haka aka yi idon ya zauna a Dajin Maje, amma abin da yake gani sai ya fara zuwa aljihuna a Sin.

Tsakaninmu da gida akwai tazarar lokaci. Sa'ad da gari ke wayewa a Kafin Gora, mu nan azahar ta yi. Ranar farko ina zaune a kan dila da robar shinkafa a hannuna, wayar ta yi motsi. Na buɗe, sai ga hancin Yaya ya cika fuskar wayar, da ido ɗaya a buɗe ɗaya a runtse, yana leƙen abin da ya ɗaura. A bayansa ga reshen kanyar nan ta bakin mashaya, wadda muka sha hawa muna yara. Na yi dariya ni kaɗai har direban motar kaya, wani Basine, ya juyo yana kallona. Da dariyar ta ƙare sai na ga ba zan iya cin shinkafar ba.

Daga ranar, azahar ta zama abin da nake jira. Zabin daji suna zuwa a jere kamar masu tafiya biki. Gada tana sa baki a ruwa, kunnenta a tsaye. Birai, dila, wata rana damo. Shanun Fulani. Mata da gammo da ɗaurin itace, ba su san ana kallonsu ba. Waɗannan nakan goge su da sauri, don matan mutane ne. A ƙasan kowane hoto akwai ƙananan lambobi na rana da lokaci, kuma su ne abu na farko da na karanta a duniya ba tare da Malam Idi ya sa mini yatsa ba. In na gama dubawa sai Yaya ya kira.

"Auta, me dajin ya ce yau?"

"Gada biyu a Kanya, Yaya. Kyamarar gabas kuwa babu komai sai wani biri da ya zauna yana kallona kamar ya san ni."

"Ai ya ga ɗan'uwansa ne."

Ku gane abin da wannan kiran ya zame mini. Ba maganar gada ba ce. A bayan muryar Yaya ina jin tarin Inna, ina jin taɓaryar uwarku a turmi, ina jin ka, Sale, kana rigima a kan koko, ina jin zakaran gidan. Kullum. Mutumin da yake wata bai ji muryar gida ba ya koma ana nemansa kowace safiyar Allah. Yaya yakan manta bai kashe wayar ba, ya jefa ta aljihu, ni kuma ba na kashewa. Sai in ci gaba da ɗaure kaya da igiyar sauraro a kunnena, ina cikin gidanmu ba wanda ya sani.

Nama ya yawaita a gidan a watannin nan, ku ma kun ci. Yaya ba ya wahalar bin sawu kuma. Yakan je inda na ce, lokacin da na ce, ya zauna ya jira. Sauran maharba suka fara gunaguni, amma gunaguni ne kawai, har ranar da gwankin ya bayyana.

Tsoho ne, namiji, shi kaɗai, ƙahonsa na hagu a karye. Rabon da a ga gwanki a Dajin Maje tun Baba na da rai. Ya tsaya a bakin ruwan Kanya ya juyo da fuskarsa mai baƙi da fari daidai wajen kyamarar. Na daɗe ina kallonsa kafin in gaya wa Yaya. Da na gaya masa sai ya ce in rufe bakina, zai bari ya saba da ruwan tukuna. Kwana biyu bayan haka wani hoton ya shigo daga kyamarar nan. Tanko ne, ɗan gidan maharban Unguwar Rimi, sa'an Yaya. Ƙafarsa duk ƙaya, gorar ruwansa a rataye. Daga baya na ji tun daga iyakar dajin ta arewa ya biyo sawun a ƙasa. A hoton ya durƙusa a bakin ruwan yana ƙulla ciyawa.

Na gaya wa Yaya wannan ma, ban ɓoye ba. Ya ce ƙullin banza ne, an riga shi. Washegari suka haɗu a Kanya, kowa da bindiga a ɗure. Allah Ya kawo wani mai zuma ya shiga tsakani. Da labari ya kai kunnen Baffa Sarkin Baka, shugaban maharban ƙasarmu kuma aminin kakanku, sai ya ce kada wanda ya sake shiga dajin, kowa ya zo ƙofar gidansa ranar Asabar da hantsi. Ya ce ba maganar gwanki kaɗai za a yi ba, za a yanke ko kyamarorin za su zauna a dajin ko za a kwance su.

Kafin Asabar ɗin Yaya ya kira ni, muryarsa ba wasa.

"Auta, tsohon nan zai iya cewa a kira ka. In an kira ka magana ɗaya ce. Ka ga gwanki kafin Tanko, ka bar wa yayanka. Ƙarya ce?"

"Hoton ya riga zuwa, Yaya, wannan gaskiya ne."

"To shi ke nan. Ni nake ciyar da iyalinka da safe da dare, ban taɓa yi maka gori ba. Yau ma ba gori nake yi ba. Ina tuna maka ne gida ɗaya muke."

Uwarku ma ta ari waya ta kira ni daga bayan ɗaki, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, ni ban san dokar daji ba. Abin da na sani, ni ce a gidan nan, kai kana can. Duk abin da ka faɗa, a kaina zai kwana."

"Na ji, Rabi."

"Ka ji, ko ka ji irin jin da kake yi?"

Ta san ni. Inna kuwa da aka miƙa mata wayar cewa ta yi kawai, "Auta, kana cin abinci kuwa?" Ba ta ce komai a kan maganar ba, har ta koma ga Allah.

Na kai wa Malam Idi zancen a shagonsa. Ya saurara yana gyara wata waya, sannan ya ce shi bai ga abin wahala ba.

"Ɗanjuma, da can da kibiya ake harbi, aka kawo bindiga, wa ya mayar da ita? Yanzu a babur kuke zuwa bakin daji, da fitila a goshi. Wannan ma haka ne. Bayan haka, kai me za ka ci da shi? Mutum yana da taga guda a duniya, sai ya sa hannu ya toshe?"

Ya taɓa inda ke ciwo. Ba gwankin nake ji ba, ba kuma Tanko ba. Azahar ɗina nake ji.

Ranar Asabar, hantsinsu ya zo daidai da la'asar ɗinmu. Na ce wa Alhaji cikina na ciwo, na zagaya bayan sito na zauna a kan wata dila da ruwan ya lalata. Wani daga cikin maharban ya kira ni ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a kan tabarma, don haka na ji komai, har da kukan awakin ƙofar gidan.

Yaya ne ya fara, kuma ya yi magana mai kyau, kada wani ya ce muku ba haka ba. Ya ce dajin ya ragu, dabba ta yi wayo, gwiwarsa ta mutu, kuma ba wanda zai ciyar masa da gida in ya zauna. Ya ce kyamara ba ta harbi, ba ta kora, kallo kawai take yi. Ya ce ita ce ta nuna baƙin fuskoki uku da suka ratsa dajin da damina har aka gargaɗi Fulani suka kwashe shanunsu, ya tambaya ko ƙullin ciyawa ya taɓa yin wannan. Mutane da yawa suka ce gaskiya ne.

Tanko ya ce shi ba shi da ɗan'uwa a Sin, ƙafa gare shi.

"In abin nan gani ne, to Audu ya ƙulle dajin gaba ɗaya yana kwance a ɗakinsa. Gobe wani mai kuɗi daga birni ya zo da guda hamsin. Mu sai mu koma tallan gyaɗa. Kuma ku tambayi matanku in sun yarda a riƙa aika hotonsu ƙasar waje suna tsugune."

Aka yi dariya, wasu kuma ba su yi ba. Wani ya ce a bar su a iyakar daji kawai saboda ɓarayi. Wani ya ce wanda ya ɗaura a iyaka gobe zai matsa ciki. Aka yi ta yi. Can sai na ji Baffa ya yi gyaran murya.

"Audu, ka ce kyamararka ta riga gani. Da ta gani, wa ta gaya wa?"

"Auta, Baffa."

"To ashe ba kai ne mai gani ba. Mai gani yana cikin wayar nan. Ɗanjuma, ɗan aminina, kana ji na?"

"Ina ji, Baffa. Ina wuni... ina kwana."

"Ka ga, ko gaisuwa ba ka san wadda za ka yi mana ba. To ni ban san abin nan ba, kai ka san shi, kuma a gidan maharba aka haife ka. In ka ce ka ga gwankin nan, na gidanku ne, kyamarori su zauna, kowa ya je ya nemo tasa. In ka ce ba ka gani ba, ƙullin Tanko ya tsaya, a kwance su. Ba zan sa ka rantsuwa ba. Ka gani?"

Na duba inda nake zaune. Gabana bangon sito ne, da wata mota tana ja da baya tana ƙara. Takalmina na roba ne, babu ƙaya ko ɗaya a jikinsa. Na so in ce na gani. Kalma biyu ce, kuma ba wanda zai kira ni maƙaryaci, domin hoton na nan a hannuna. Amma da na buɗe baki sai na ji bayan hannuna yana zafi inda Baba ya buge shi a kan dutse.

"Baffa, ranar da ya zo ruwan ina zaune da shinkafa a hannuna. Iska ba ta kai masa warina ba. Ko da ya so ya guje mini ba shi da hanya. Hange na yi, ban gani ba."

Sai na ji muryar Yaya, ba da ƙarfi ba, kusa da wayar kamar ya sunkuyo.

"Madalla, Malam Ɗanjuma."

Tun ina cikin zanen goyo Auta yake kirana. Daga ranar nan bai sake ba.

Washegari da azahar wayar ta yi motsi kamar kullum. Kyamarar gabas ta aiko da hoton tafin hannu, daga nan ta yi shiru. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta Kanya ce ta ƙarshe. Wannan karon Yaya bai rufe ta da hannu ba. Ya ja baya ya tsaya inda zan gan shi duka, da hularsa ta saƙi da rigar farautar Baba, ya dubi cikin kyamarar sosai. Ya san ina kallo. Bai yi fushi a fuska ba, bai yi murmushi ba. Hoto uku ta ɗauka yana tsaye a haka. Bayansu babu wani.

Kada ku ɗauka na ceci gwankin. Tanko ya bi shi ya harbe shi kafin sati ya zagayo, kamar yadda ƙullinsa ya ba shi dama. Ya aiko da cinya gidanmu don girmamawa, Yaya ya mayar da ita. Ban kuma gyara dajin ba. An ce yanzu wasu samari daga wani gari suna ɗaura nasu a ɓoye, tun da Baffa Sarkin Baka ya rasu babu mai tsawatarwa. Wani lokaci ina tunanin Malam Idi ne mai gaskiya, abin da zai zo sai ya zo. Amma ba a tambaye ni abin da zai zo ba. An tambaye ni ko na gani.

Bayan girbi Yaya ya ce a raba tukunya. Bai kori uwarku ba, bai zage ta ba, bai taɓa hana ku shiga wajensa ba, ku shaida ne. Bulo kawai ya sayo. Uwarku ta yi shekara ba ta ce mini komai a kai ba, sai rana ɗaya ta ce, "Da ka ce ka gani, da ban san ka ba." Har yau ban tambaye ta yabo ne ko zargi ba. Na zo gida sau biyu tun daga nan. Kowane zuwa Yaya yakan zagayo ta ƙofar waje, ya yi sallama kamar baƙo, ya ce, "Malam Ɗanjuma, an zo lafiya? Ya mutanen Sin?" Ya sha ruwa ya tashi. A jana'izar Inna kafaɗarmu ta haɗu a ƙarƙashin makara, wannan ne kusancin da muka yi.

Abin da nake so daga gare ku kaɗan ne. Ku riƙa gaishe da Baffanku Audu da safe kafin ku gaishe da kowa. Ya ciyar da ku lokacin da ni ban iya ba, kuma gwiwarsa da gaske take ciwo. In an ce ubanku ya ci amanarsa kada ku yi faɗa, ku ce kun ji. Kai kuma Sale, an ce kana bin maharba yanzu. Ƙullin gidanmu biyu ne a jere. Ka je wajensa ya nuna maka, ni hannuna ya saba da igiyar dila.

Har yanzu ina Sanyuanli, a ɗakin nan mai kallon bango. Azahar takan yi, in zauna a kan dila in buɗe robar shinkafa, hannuna ya tafi aljihu da kansa. Na sake waya tun tuni, amma na sa an kwashe mini hotuna biyu, na hancin Yaya da na tsayuwarsa ta ƙarshe.

Ga abin da shekarar ta ci. Kyamara huɗu, suna cikin buhu a rumbun Yaya, ɓera ya cinye igiyoyinsu. Gwanki ɗaya. Tukunya ɗaya da ta zama biyu. Tsakar gidan da Inna take zama ta ga jikokinta duka a lokaci guda. Kiran safiya, da tarin Inna da taɓaryar uwarku a bayansa. Da sunan Auta, wanda mutum biyu ne kawai suke kirana da shi a duniya, ɗaya tana kabari, ɗaya yana bayan katanga.